Darasin Noman Rani: Pano a Bisa Ruwa da Abin da Doka Ta Ce



Darasinmu na wannan karo maganar doka ce. Na sani, da yawa cikinku in sun ji an ce doka sai su ce wannan ta alƙali ce da mutanen biro. To ku daure ku karanta, don ruwan da kuke ba albasa shi ne ake magana a kansa. Wanda ya fi saurin karatu ya karanta wa sauran da ƙarfi. Inda aka iske lissafi a tsaya, a yi shi bisa allo.

MENE NE PANO A BISA RUWA?

Yau babu wanda bai san pano ba, wato allon nan mai shan hasken rana ya ba da kuran. Kun gan shi bisa soron gidan likita, kun gan shi a bakin fanfon gari, wasunku ma sun sayi nasu suna jan ruwa da shi cikin garka. Aikin hasken rana ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1969 marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya kama shugabancin ofishin ONERSOL a Yamai, yana binciken yadda za a sa rana aiki. Tashar Malbaza mai ƙarfin megawat 7 ta soma aiki a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 kuma a 2023. Megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ke nan, wato pano wajen 2,000 zuwa 3,000 irin manyan nan na kasuwa. Duk waɗannan tashoshi a bisa ƙasa aka kafa su.

Sabon abin shi ne a ɗora pano bisa ruwa. Kun ga yadda masunci ke hawa gora ya shiga tsakiyar tabki bai nutse ba? Haka nan ne. Ana haɗa robobi masu iska a ciki, a ɗaure su da juna su zama kamar babbar tabarma, a jera pano a kansu. Ana ɗaure tabarmar da igiyoyi, a kafe su ga manyan duwatsun siminti a ƙarƙashin ruwa ko ga turaku a gaɓa. Waya ita ke kawo kuran har bakin ruwa inda injin yake.

A Japan aka fara gwada shi a 2007. A 2008 wasu masu gonar inabi a jihar Kalifoniya ta Amurka suka ɗora pano kusan 1,000 bisa kududdufin da suke ban ruwa da shi, don ba su son sare inabinsu su ba pano wuri. Ku lura, manoma ne suka yi wannan. A nan kusa da mu, ƙasar Gana ta kammala ta megawat 5 bisa ruwan barajin Buwi a 2023.

Amfanin farko shi ne fili. A bakin tabki kowane taku na ƙasa yana da mai shi, kuma ita ce ƙasar da ta fi albarka. Na biyu, pano ba ya son zafi da yawa, in ya yi zafi ƙarfinsa na raguwa, ruwa kuwa yana sanyaya shi. Ƙarin da ake samu ta nan kaɗan ne, kada mai talla ya ruɗe ku da shi. Na uku shi ne ya fi damunmu: inuwa. A ƙasarmu rana da iska suna shanye wajen mita 2 na zurfin ruwan da ke fili cikin shekara, wani wuri ma fiye. Mu yi lissafi. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. In mita 2 suka tafi a bisa hekta ɗaya, lita miliyan 20 ke nan, wato tano 100,000 na lita 200. Ba a ba shuka ba, ba a ba dabba ba. Inda pano ya rufe, wannan hasara na raguwa. Inda bai rufe ba, tana nan yadda take.

Akwai kuma abin da muka gani da idonmu. A watan Agusta 2023 aka yanke kuran ɗin da ke zo mana daga Najeriya, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga can take fitowa. Ba a maido da ita ba sai cikin Maris 2024. Wanda injinsa ke jiran waya ya san abin da shukarsa ta sha. Tun daga nan kowa ke neman wutar da ba ta hannun wani.

Amma in faɗa muku ra'ayina tun yanzu: abin ba na kowane tabki ba ne. Ya fi na bisa ƙasa tsada. Tabkin da ke ƙafewa tun watan Maris, pano zai zauna bisa laka ne, shanu su tattake shi. Mai garka ɗaya da rijiya ɗaya, ya kafa nasa bisa ƙarfe a gefen garka, ya fi masa. Maganar ta shafi manyan ruwaye ne masu kai wa damina, da baraji, da ƙungiyoyin da ke ban ruwa tare.

RUWAN NA WA NE?

In ka kafa pano cikin garkarka, ƙasarka ce, ba ka taɓa kowa ba. In ka ɗora shi bisa tabki, ka taɓa dokoki da yawa lokaci guda. Shi ya sa masanan doka a ƙasashe da dama suka zauna suna bincike a kai: dokar ruwa ba da pano a zuci aka rubuta ta ba, dokar lantarki kuma ba da tabki a zuci aka rubuta ta ba.

Mu fara da tamu dokar ruwa, wadda aka sa wa hannu ran 1 ga Afrilu 2010. Ta sa gulabe da tabkuna da ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin dukiyar jama'a da ke hannun gwamnati. Ma'ana, ko gonarka ta kewaye tabki, ruwan ba naka ba ne. Maigari ma ba shi da ikon sayar da shi. Sha da wanka da aikin gida, kowa na da haƙƙi ba tare da takarda ba. Amma aikin da zai taɓa ruwa sosai, dokar ta raba shi hawa-hawa: wani sai ka sanar da hukuma, wani sai an ba ka izni, wani kuwa sai an yi yarjejeniyar riƙo ta shekaru da gwamnati. To mai pano bai ɗebi ruwa ba, amma ya mamaye bisansa, ya kafa duwatsu a ƙarƙashinsa. Wane hawa ne nasa? Ma'aikatar ruwa ce za ta faɗa, kuma a rubuce. Kada ku yarda da "an ce ba komi".

Sai gandayen ban ruwa. Gwamnati ta kafa ONAHA a 1978 don ta kula da su. Bayan taron Zinder na 1982 aka damƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin manoma, wato kwaperatif. Amma damƙa aiki daban, mallaka daban. Baraji da manyan hanyoyin ruwa da gwamnati ta gina na gwamnati ne. Shugaban kwaperatif ba zai iya ba wani kamfani bisan ruwan baraji da sa hannunsa shi kaɗai ba. Kuma kwaperatif ɗin da ba ta yi rajista bisa dokar OHADA ta 2010 ba, ba ta da sunan da za ta ƙulla yarjejeniya da shi. Ku duba takardunku tun kafin baƙo ya zo.

BA MANOMI KAƊAI KE SHAN TABKI BA

Nan ne nake son mu daɗe.

Dokar karkara ta ran 2 ga Maris 1993, wadda ake kira Kod Rural, ta tabbatar wa makiyayi da dabbobinsa hanyar zuwa ruwa. Dokar kiwo ta ran 20 ga Mayu 2010 ta ƙara ƙarfafa wannan, ta ce yawon kiwo haƙƙi ne. To ku duba abin da ke faruwa in an ɗora pano. Wayar kuran sai ta keta gaɓa. Injin da akwatunansa sai an gina musu ɗaki. Mai kayan zai ji tsoron ɓarawo da ƙahon sa, sai ya ce a zagaye da waya. Ran da wayar nan ta tare burtali ko mashaya, an taka doka, kuma an shuka rigima. Kun san yadda faɗan mashaya ke farawa, kun san yadda yake ƙarewa.

Masunci shi ma ya biya kuɗin takardarsa wurin ma'aikatan gandun daji. Igiyoyin da ke ƙarƙashin ruwa suna kama taru da mamari. Wurin da aka rufe, kwalekwale ba ya shiga. In an rufe ruwa da yawa, haske ba ya sauka, iska ba ta kaɗa shi, kifi ya rasa numfashi. Inuwa kaɗan tana rage gansakuka, tana ba kifi maɓoya. Inuwa mai yawa tana kashe ruwa. Ga mata masu ɗibar ruwa da wanki, ga masu yin tubali, ga yara masu iyo, waɗanda ba su san kuran da ruwa ba su shiri ba.

Duk waɗannan sai an ji ta bakinsu, kuma akwai wurin da doka ta tanada don haka: kwamitin kula da filaye, wanda kuka sani da Kofo. Akwai na gari, wanda maigari ke shugabanta, akwai na ƙaramar hukuma, akwai na gunduma a hannun perefe. Cikinsa akwai wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. A gabansa ne za a shata inda waya za ta bi, da inda dabbobi za su sauka, a rubuta. Haka kuma dokar ran 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken abin da babban aiki zai jawo wa muhalli kafin a soma shi, tare da jin ra'ayin mutanen wurin. In an kira taron nan ku je, ku yi magana, ku ce a rubuta abin da kuka faɗa. Tabkunan Tabalak da Madarumfa da Gidimuni kuwa suna cikin jerin ruwayen da ƙasarmu ta yi wa duniya alkawarin kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsaye da kifi. Irinsu binciken ya fi tsanani.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YANKE

Jamus ta gyara dokar ruwanta a 2022. Ta ce ba a ɗora pano sai bisa ruwan da mutum ya haƙa ko ya sauya wa kama sosai. Ta ce kada a rufe fiye da kashi 15 cikin 100 na bisan ruwan, kuma a bar mita 40 tsakanin pano da gaɓa. Ispaniya ta fitar da tata a watan Yuli 2024, don barajin gwamnati. Ta ce kashi 5 inda ruwan ke da tsabta, har zuwa kashi 15 inda ya riga ya yi kore da gansakuka, kuma riƙon ba ya wuce shekara 25. A Koriya ta Kudu, a barajin Hapcon da ya soma aiki a 2021, mutanen ƙauyukan kewaye sun zuba kuɗinsu cikin aikin, ana ba su rabonsu na riba.

Dokoki ne masu kyau ga masu su. Amma kafin mu ce a kwafo mana su, mu koma ga allo.

Lissafi na farko. Ga kududdufi mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. In an bar mita 40 ta kowane gefe, me ya rage a tsakiya? Mita 20 tsawo, mita 20 faɗi. Kashi 4 ke nan cikin 100. Ashe dokar mita 40 ta kusa hana ƙananan ruwaye gaba ɗaya, su kuwa su ne na manoma.

Lissafi na biyu, shi ne babba. A ce tabkinku hekta 20 ne a watan Satumba, ya cika fal. Kashi 15 cikin 100 hekta 3 ke nan. An rubuta, an sa hannu, kowa ya yi murna. Watan Afrilu ya zo, ruwa ya ja baya, saura hekta 5. Pano bai ragu ba, yana nan hekta 3. Yanzu kashi nawa ya rufe? Kashi 60. Kuma a tsakiya yake, inda ya fi zurfi, wato daidai wurin da kifi ke taruwa da bazara, daidai ruwan da garke zai bi laka ya nema. Ruwan Jamus gaɓarsa ba ta tafiya kamar tamu. Namu tabki yana da gaɓar kaka, yana da gaɓar bazara, tsakaninsu tafiya ce. Barajinmu kuma yashi da laka na cike su shekara bisa shekara, kamar yadda mutanen Ƙonni suka sani game da Mozage da Zango a bisa Majiya. Saboda haka duk takardar da ta ce kashi kaza, ku tambaya: kashi kaza na ruwan wane wata? Ni dai abin da nake gani, da ruwan Afrilu ya kamata a auna.

WUTAR TA WA CE?

Dokar lantarki ta watan Mayu 2016 ta buɗe ƙofa ga mutum ko ƙungiya su samar da wutar da za su yi aiki da ita da kansu, bayan sun sanar ko sun samu izni gwargwadon girman aikin. Sayar wa wasu kuwa wata magana ce, tana da nata takardu, kuma akwai hukumar ARSE da aka kafa a 2015 don ta sa ido ga wannan fanni da farashinsa.

Za ku ce, mu ba sayarwa za mu yi ba, ban ruwa za mu yi. To ku duba. A Ƙonni da Galmi ruwan baraji gangarowa yake da kansa cikin hanyoyinsa, buƙatar inji kaɗan ce. A Jiratawa kusa da Maraɗi kuwa da kuran ake jawo ruwa daga rijiyoyi masu zurfi, kuɗin wuta na cikin abin da ke nauyaya kuɗin ruwan da manomi ke biya, amma babu baraji a tsakiyar gandun. Sau da yawa inda ruwan yake daban, inda ake son wutar daban. Da zarar waya ta fita daga gandunku ta nufi na wasu, kun shiga dokar lantarki. Da damina ma injin ban ruwa na hutawa, pano kuwa ba ya hutu. Wutar nan wa zai ci? Injin niƙa? Masu cajin salula? Ɗakin sanyi na ajiyar tumatir? In ba a rubuta ba tun farko, mai kuɗin da ya kawo kayan shi zai kwashe, ku da kuka ba da ruwanku kuna kallo.

IN YA LALACE, WA ZAI BIYA?

A watan Satumba 2019 guguwa ta faɗa wa tashar barajin Yamakura a Japan. Igiyoyi suka saki, pano suka hau kan juna, wuta ta kama a tsakiyar ruwa. Japan ke nan, masu injiniyoyi da kuɗi. Ku tuna da iskar da ke gaban hadarin farko a nan, wadda ke ɗauke rufin kwano. Ga ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye, sai an riƙa shiga da kwalekwale ana wankewa.

Na taɓa aiki a wani ƙauye inda wani piroje ya kafa injin ban ruwa mai pano, a bisa ƙasa ma. Shekara biyu mata suna noma salati da shu, har suna kai wa kasuwa. Ran nan akwatin injin ya ƙone. Aka nemi mutanen piroje, sun gama wa'adinsu sun tafi. Ƙungiyar mata ta ce kayan ba nata ba ne, ba a ba ta takarda ba. Hukuma ta ce ba ya cikin littafinta. Kuɗin gyaran bai kai na tunkiya biyu ba, amma babu mai ikon taɓawa. Da na koma bayan shekara, rabin pano sun bi dare. Ni ma ina da laifi a ciki, don ina wurin ran da aka yi bukin buɗewa, na ci tuwo na tafa hannu, ban tambayi takarda ba.

Na bisa ruwa ya fi wannan wuya, don in ya mutu ba a barinsa nan. Pano yakan yi shekara 25 ko fiye, robobi da igiyoyi suna tsufa, su farfashe cikin ruwan da kuke sha. Don haka in wani ya zo muku da wannan magana, ko kamfani ne ko piroje, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa ya sha, sa'an nan ku tambaye shi. Ina iznin ma'aikatar ruwa? In baraji ne, ina yardar ONAHA? Kofo ya zauna? An kira makiyaya da masunta? Shekara nawa za a yi, kuma bayan nan kayan na wa ne? Wa ke gyara, da kuɗin wa, a wane asusu aka ajiye su? In kuran ya kashe saniya ko ya taɓa yaro, wa ke ɗaukar alhaki? Ran da aka gama, wa zai fid da tarkacen daga ruwa? Ku ce a karanta muku takardar da Hausa a gaban jama'a, a bar muku kwafi ɗaya ku kwana da shi. Kun yi yaƙi da jahilci, kun iya karatu, ba ku cikin masu dangwala yatsa bisa abin da ba su sani ba. Wanda ya ce sauri yake yi, mota na jiransa, ku ce ya sauka lafiya, ya komo wani mako.

AIKIN DA ZA KU YI

Ƙungiyar masu sauraro ta kowane gari mai tabki ta zaɓi mutum uku: manomi ɗaya, makiyayi ɗaya, masunci ko mace mai ɗibar ruwa ɗaya. A ƙarshen Satumba ku kafa turaku huɗu a bakin ruwa, gabas da yamma, kudu da arewa. Ranar farko ta kowane wata ku auna da taku daga turke zuwa inda ruwa ya koma, mutum ɗaya ne zai riƙa takawa don kada awon ya saɓa. Ku rubuta cikin kaye, da wata da adadin taku. Ku rubuta kuma ta ina dabbobi ke sauka a wannan wata, da inda masunta ke jefa taru. Ku ci gaba har ruwan farko ya sauka. Kayen ya zauna wurin magatakardan Kofo na gari, kwafi ɗaya kuma ku ba malamin gona na yankinku ya kawo mana gidan rediyo.